Kowace Ƙwarya da Abokiyar Burminta: Zaɓen Makarin Taɓo ga Tsohon Keke a Paraku da Jugu

Idan aka ɗauke ruwan Agusta a unguwar Albarika da ke birnin Paraku, a arewacin Jamhuriyar Benin, lungunan da kwalta ba ta kai ba sukan koma kamar jan kunu. A irin wannan lokaci ne ake gane keken da ke da sutura da wanda ke yawo tsirara. Ga dattijo ya fito za shi masallacin Juma'a, ya tattare farar babbar riga ya aza a kafaɗa, ya hau tsohon baƙin kekensa mai birkin sanda. Zai ratsa kududdufi biyu ko uku, ya sauka a ƙofar masallaci fes, ko ɗigo babu a bayansa. Ga kuma ɗan makaranta biye da shi a kan keken zamani mai manyan tayoyi, ba abin da ya rufe su. Kafin ya kai bakin titi, jan layi ya miƙe tun daga ƙugunsa har ƙeya, sai ka ce an shauɗa masa bulala.

Bambancin da ke tsakaninsu bai wuce wasu lanƙwasassun ƙarafa biyu ba, ɗaya bisa tayar gaba, ɗaya bisa ta baya. Masu gyaran keke a Benin da sunan Faransanci suka san su, wato gardabu; a nan za a kira su da aikinsu, makarin taɓo. Abu ne da ido ke rainawa. Shi ke fara lotsewa idan keke ya faɗi, shi tsatsa ke fara ci, shi kuma yaro ke fara kwancewa ya yar don ya dame shi da ƙara. Sai ranar da mai tsohon keke ya tashi neman madadinsa yake gane cewa ba a shiga kasuwa a ɗauko shi yadda ake ɗauko ƙararrawa. Tsohon keke yana da asali, yana da awo, kuma makarin da bai dace da waɗannan biyu ba, ba zai taɓa zama lafiya a kansa ba.

Garin da zuriyoyi suka haɗu

Paraku da Jugu ba baƙin Hausawa ba ne. Tun zamanin fatauci, ayarin da ya tashi daga Kano ko Sakkwato za shi Gwanja sayen goro yakan ratsa ƙasar Bargu, ya yada zango a garuruwa irin su Nikki da Paraku da Jugu, wanda fatake ke kira Zugu, kafin ya doshi Salaga. Sawun wannan tafiya yana nan a cikin sunaye: unguwar Zango, babbar kasuwar Arzeke da ke tuna wa Bahaushe arziki, da ita kanta Albarika. Da layin dogo ya taso daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, a Paraku ya tsaya cikin shekarun 1930, garin ya zama masaukin kayan da za su wuce Nijar a mota. A ƙidayar 2013 mutanensa sun haura 255,000. Jugu kuma tana arewa maso yamma da shi, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai.

Garin da hanyoyi suka haɗu haka, kekunansa ma daga gidaje daban-daban suka fito.

Akwai zuriyar Ingila. Kakanta shi ne Raleigh, wanda aka fara ƙerawa a birnin Nottingham cikin shekarun 1880, mai tambarin kan zalɓe a goshi, wanda har masana'anta ya yi a Kano. Siffarsa sananniya ce: baƙi wuluk, da siririn layin ruwan zinariya, da birkin sanda, da manyan tayoyi. A kan wannan siffa aka yi Flying Pigeon na birnin Tianjin da ya fito a 1950, da Phoenix na Shanghai, duka a ƙasar Sin, da kuma Hero da aka kafa a 1956 a Ludhiana ta Indiya. Waɗannan su ne jakunan ƙarfe, masu ɗaukar doya da gawayi da buhun masara daga ƙauye zuwa kasuwa.

Akwai kuma zuriyar Faransa, ƙasar da ta mallaki Benin da sunan Dahomey har zuwa 1960. Jagoranta Peugeot ne mai tambarin zaki, wanda ya fara yin keke tun 1882, aka kuma daɗe ana harhaɗa shi a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso. Ya fi na Ingila sauƙin nauyi, birkinsa na waya ne, makarinsa kuma galibi fari ne mai ƙyalli.

Zuriya ta uku ita ce ta na-hannu, kekunan da Turawa suka gama hawa aka loda su a jirgin ruwa. A Najeriya irin wannan kaya ne ake ce wa ɗan Kwatano. A cikinsu akwai na jiya-jiya, akwai kuma waɗanda suka girmi mai sayensu. Duka ukun a rumfar mai gyara ɗaya suke haɗuwa, kayan jikinsu kuma a tsibi ɗaya ake zubawa. Nan ne kuskure ke farawa.

Abin da yake tsarewa

Damina a wannan yanki takan kama daga wajajen Mayu zuwa Oktoba, ruwan da ke zuba a shekara kuma yakan haura milimita 1,000. Ƙasar ja ce mai marmara, idan ta jiƙe tana da danƙo, idan ta bushe tana da kaifi. Babbar tayar keke kewayenta ya kai mita 2 da kwata. Mai tafiyar kilomita 15 a awa guda, wadda tafiya ce ta hankali, tayarsa na juyawa fiye da sau 100 a minti ɗaya, kuma kowane juyi ɗebo ruwa da yashi take tana watsawa sama.

Riga ce ake gani, amma ba ita kaɗai ke shan wahala ba. Abin da tayar gaba ta watso, a kan ƙafafun mai keke da sarƙa da gindin feda yake sauka. Yashi ya gauraya da man da ke jikin sarƙa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin haƙoran ƙarfe a hankali. Ruwan kuma yana kutsawa cikin wuyan keke daga ƙasa, ya wanke giris, ya bar ƙananan boris suna tsatsa. Keken da ya shekara 40 yana aiki, makarinsa na cikin dalilan da suka kai shi haka.

Lambar da ke jikin taya

Matakin farko ba a kasuwa yake ba, a jikin tayar yake. Mai keke ya tsuguna, ya goge gefenta da jiƙaƙƙen tsumma, zai ga lambobi. Mafi amfani su ne guda biyu da ɗan layi a tsakaninsu, kamar 40-635. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu kuma faɗin da'irar rim ɗin da take zaune a kai, duka a milimita. Wannan ta biyun ita ce sunan zuriyar keken na gaskiya.

Babban keke mai birkin sanda, na Ingila ne ko na Sin ko na Indiya, 635 yake, wanda ake rubutawa 28 x 1½. Ƙaninsa na Ingila mai giya uku 590 ne, wato 26 x 1⅜. Tsofaffin kekunan Faransa na cikin gari da yawa 584 ne, abin da su ke kira 650B. Na tsere da na yawon buɗe ido irin na da akwai 630, wato 27 x 1¼. Yawancin na Turai na yanzu 622 ne, ko 700C, keken hawan tudu da ya cika kasuwar na-hannu kuma 559.

Ga inda tarkon yake. Da 635 da 622, duka ana ce musu inci 28, alhali milimita 13 ke tsakaninsu. Da 590 da 584 da 559, duka ana ce musu inci 26, alhali tsakanin babbansu da ƙaraminsu milimita 31 ce. Mai saye ya ce a ba shi na 28, mai shago ya miƙo na 28, ba wanda ya yi ƙarya, amma a je gida abu ya ƙi zama. Idan makarin na ƙaramar taya ne, tsakiyarsa za ta yi daidai, bakunansa biyu su dunƙule su riƙa gugar roba. Idan na babba ne, bakunan su wage kamar fikafikai, ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya yi abin da ya saba. Saboda haka mai dabara yakan rubuta lambar a takarda, ko ya tura keken gaba ɗaya har ƙofar shagon.

Faɗi da rata

Bayan da'ira sai faɗi. Ƙa'idar da maƙera kekuna ke bi ita ce makari ya ɗara taya da kamar milimita 10, don gefensa ya tare ruwan da ke fallatsa ta gefe. Taya mai 40 tana son makari mai 50 ko 55. Mai 37 tana son 45 zuwa 50. Siririya mai 28 kuma 40 ya ishe ta.

Amma keken ma yana da ta cewa. Akwai matsattsun wurare da dole makarin ya bi: tsakanin ƙafafun gaba biyu da ke riƙe da taya, ƙarƙashin 'yar gadar da ke bayan sirdi, da kuma lungun da ke bayan feda. Ga mai birkin sanda akwai ƙari, domin ƙarfen birkin nan mai kama da takalmin doki yana rungume da makarin ne, yana hawa yana sauka. Idan makarin ya cika faɗi, birki zai riƙa maƙalewa, wannan kuwa ba maganar ado ba ce, maganar rai ce. Sai a auna waɗannan wurare da tef, ko da karan dawa a yi masa alama, kafin a fitar da ko dala.

Sai rata tsakanin bayan taya da cikin makari. Milimita 15 zuwa 20 ake so, kamar kaurin ɗan yatsa, kuma ta zama iri ɗaya tun daga wannan baki har wancan. A kan kwalta ana iya rage ta. A hanyoyin gona na kewayen Paraku da Jugu kuwa, inda jan taɓo ke liƙewa yana taruwa, gara a ba shi wurin wucewa. Duk manomin da ya taɓa sauka yana ƙwaƙule laka da tsinke don taya ta ƙi juyawa ya san darajar wannan ɗan yatsa.

Ƙarfe, alminiyom ko roba

Makarin baƙin ƙarfe shi ne na gidan Ingila. Yana da nauyi, yana tsatsa, amma yana karɓar guduma, yana karɓar walda, yana jure dukan buhu da na itace. Na ainihi ana gane shi da kaurinsa da naɗaɗɗen gefensa. A kasuwa akwai sababbi masu kama da shi a ido, amma idan aka matsa su da yatsu biyu sai su lotsa kamar gwangwanin madara. Araha ba ta ado: irin wannan damina ɗaya ko biyu yake gani.

Na gidan Faransa farin ƙarfe ne marar tsatsa, ko alminiyom. Wani kamfani mai suna Lefol ya yi suna da na alminiyom mai ƙananan lotsa-lotsa a jere kamar saƙar zuma, yau kuma Honjo na Tokyo a Japan yana yin irinsu ga masu son tsofaffin kekuna. Alminiyom ba ya nauyi, ba ya jan tsatsa, sai dai ba ya son girgiza. Daga ramin noti yake fara tsagewa, kuma ba kowane mai walda na bakin titi ke iya ɗinke shi ba. Maganinsa shi ne a sa 'yar fata ko roba tsakaninsa da jikin keke a duk inda noti ya kama. A kekunan Faransa da yawa fitilar baya a jikin makarin take, wayarta kuma cikin naɗin gefensa take bi ta je ga ɗan injin da ke gugar taya. Wanda ya yar da makarin, da fitilar ya yar.

Roba ma tana da tarihinta. Bluemels na Ingila ya daɗe yana yi wa kekunan tsere marasa nauyi makari irin wannan, sunan kuma yanzu yana hannun kamfanin SKS na Jamus, wanda ke saka siririn alminiyom a tsakiyar robar don ta yi ƙwari. Mai kyau irin wannan ya dace da siririn keke na-hannu. Robar banza kuwa zafin Maris da Afrilu ke gasa ta har ta riƙa karyewa kamar ƙuli-ƙuli. Ko da mai kyau ce, ɗora ta a kan babban baƙin keke mai birkin sanda tamkar sa hular hana-salla ne a kan babbar riga.

Akwai wani ƙaramin abu da ke cika kamannin zuriyar Ingila: farin fentin da ke wutsiyar makarin baya. Ba kwalliya ce ta kawo shi ba. A 1934 aka yi doka a Birtaniya cewa keken da ba shi da fitilar baya ya kasance da farin wuri tare da jan madubi, don mai mota ya hango shi da dare. Masana'antu suka mayar da shi al'ada, na Sin da na Indiya suka gada. A hanyar Paraku zuwa Jugu, inda manyan motoci ke gudu bayan magariba, dalilin nan bai tsufa ba. Wanda zai sake fenti ya bar wa wutsiyar farinta, ya kuma mayar da jan madubin.

Na jikinsa ya fi

Sau da yawa makarin da ya fi dacewa da tsohon keke shi ne wanda ke jikinsa, ko da ya yi muni. A ce dattijon nan na Albarika ya tura nasa gindin bishiyar mangwaro wurin mai gyara, makarin baya ya lotse, tsatsa ta huda shi kusa da noti, ya ce a cire a sa sabo. Mai gyara na ƙwarai zai juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa da sifana ya ji amonsa, ya ce, “Baba, a bar shi. Irin wannan ƙarfe ba a samunsa yanzu.”

Sai ya kifa keken a kan sirdi da kai. Ya ɗiga wa notuna baƙin mai, ya ba su lokaci su sha, ya kwance su ɗaya-ɗaya yana jefawa cikin gwangwanin tumatir. Wannan gwangwani yana da muhimmanci, domin zaren notin tsohon keken Ingila a kan awon inci aka yanka shi, na Faransa da na zamani kuma a kan milimita; idan aka tilasta wani a ramin wani, zaren ya lalace ke nan. Daga nan ya kankare busasshiyar lakar da ta shekara a ciki, ita ce ma ke riƙe laima ta jawo tsatsar. Ya goge da burushin waya har ƙarfe ya fito. Ya ɗora wurin da ya lotse a kan ƙarshen tsohuwar taɓarya, ya bi shi da ƙaramar guduma, tas, tas, tas, yana juyawa yana shafawa da tafin hannu. Hudar kuma a yanko ɗan falle a liƙa daga ciki, a kai wa mai walda. Sai jan fenti mai hana tsatsa, sai baƙi shafi biyu, cikin kuma a yi masa kauri fiye da waje, don can ne yaƙin yake.

Idan ya riga ya ruɓe ba ya gyaruwa, kafin a je shagon sabo sai a fara duba tsibin matattun kekuna da ke bayan rumfar. Phoenix da ya karye a wuya yana iya ba Raleigh makari, domin awonsu ɗaya ne. In kuma an sami wanda ya kusa amma bai cika ba, ƙarfe yana jin lallashi: a buɗa gefunansa kaɗan-kaɗan tun daga wannan baki har wancan, da'irarsa ta tsuke, a matse su, ta buɗe. Abin da ba a yi shi ne a ja shi da ƙarfin tsiya a ɗaure da sandunan riƙo. Makarin da aka ɗaure a kan dole yana nan yana ja, wata rana a tsakiyar hanya zai tsage.

Ɗauri da harshe

Na gaba ya fi bukatar kula. Idan notinsa ya saki, ko tsinke ya shiga tsakaninsa da taya, yana iya naɗewa ya cushe a ƙarƙashin wuyan keke, tayar ta tsaya cak, mai keke ya wuntsila ta kai. Don haka ne wasu makaran zamani ke zuwa da 'yar maɗaurin roba da ke fincikewa da kanta idan abu ya maƙale. Tsohon keke ba shi da wannan, abin da yake da shi shi ne idon mai shi. Ɗaure makarin gaba da waya ko tsinken roba ganganci ne. Noti ake sawa da washa, a kuma riƙa taɓa su duk mako. A duba har ila yau ko yatsun ƙafa na taɓa shi idan aka karya kan keke sosai feda tana gaba.

Na baya kuma abokin zamansa kariyar ɗaukar kaya ce. Kada ƙarfenta ya kwanta a kansa, kada igiyar ɗaurin kaya ta bi ta sandunansa.

Yawancin makaran gaba gajeru ne, ba sa sauka ƙasa yadda ya kamata. Shi ya sa ake ƙara musu harshe. Ba sai an saya ba: tsohon tif na mota, ko guntun fata daga wurin baduku, a yanka shi ya fi makarin faɗi daga ƙasa, a kama da noti biyu, a bar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da ƙasa don kada ya ja a kan tudu. Wannan ɗan falle shi ke tsare takalmi da sarƙa. Da hunturu ya shigo kuma, ba a kwance makari a jingine a bayan ɗaki da sunan sai damina. Can yake ɓata, ko yara su mai da shi abin wasa. Abin da yake bukata a ƙarshen Oktoba wanki ne daga ciki da ɗan shafin mai.

Idan an gama ɗauri, mai gyara yakan ɗaga gaban keken ya murza tayar, ya kasa kunne. Ya ɗaga bayan ya murza. Ya tsuguna ta gefe ya bi ratar da ido daga baki zuwa baki, ya zura ɗan yatsa a wuri uku. Sannan ya ɗaga keken gaba ɗaya ɗan kaɗan ya sake shi a ƙasa: in ba abin da ya amsa sai ƙararrawa, aiki ya yi. Dattijo ya biya, ya yi masa addu'ar albarka, ya tattare rigarsa ya hau. Hadari na haɗowa ta gabas, shi kuwa ko sauri ba ya yi. Farar wutsiyar nan ce ake hangowa tana tafe tana rangaji tsakanin kududdufai, har ya sha kwanar lungun gidansa.